Adashi da Ajiya a Zaman Baƙunci: Waiwaye Kan Tanadin Hausawan Mile One, Fatakwal

Manazarta sun daɗe da lura da kusancin kalmar asusu da esusu ta Yarbanci da isusu ta Ibo. Sai dai ma'anar ta raba hanya. A Kudu kalmar na nufin zubin kuɗi na karɓa-karɓa, wato abin da Bahaushe ke kira adashi. Shi kuwa asusun Bahaushe ɗan tulun yumɓu ne mai tsaga, wanda ba a sanin cikinsa sai an fasa. Wannan maƙala za ta nuna cewa a zaman baƙunci asusu ne ya fi kowace hanyar tanadi rauni.

Layin dogo ya haɗa Fatakwal da Inugu a 1916 saboda kwal, gadar Makurɗi kuma ta sada shi da Arewa a 1932. Fatake suka yi ta gangarowa da shanu da albasa da wake, wasunsu suka zauna a Mile One cikin Diobu. Baƙon da ke kwana a rumfa ba shi da inda zai binne tulu, don haka sai ya miƙa cinikinsa ga maigidan da ya sauke shi. Abner Cohen ya bayyana irin wannan tsari a Sabon Ibadan cikin littafinsa na 1969. Sunan abin ajiya, amma ginshiƙinsa amana, domin maigidan da ya ci kuɗin baƙo ɗaya ya kori sauran da hannunsa.

Zaman ya yi nisa, har Malam Umaru Altine ya zama magajin garin Inugu a shekarun 1950. Rikicin 1966 ya tashi Hausawan Fatakwal da Anaca da Inugu, aka bar duk abin da ba ya ɗaukuwa. A ganina nan ne tushen ɗabi'ar waɗanda suka dawo bayan 1970: a ci kaɗan, a zuba adashi, ranar kwasa a aika gida a sayi gona ko saniya.

Canjin kuɗi na Afrilun 1984 ya ƙara fito da bambancin. Gwamnatin Buhari ta sauya launin takardun naira, wa'adin bai kai mako biyu ba. Wanda ya ɓoye takarda bai kai banki ba ya tashi a tutar babu, amma ɗan adashi haƙƙinsa na wuyan abokan zubi, kuma bashi ba shi da launi. Da ƙarancin takardun kuɗi ya zo a farkon 2023, zubi ya koma ta waya da na'urar POS, amma kalmomin zubi da kwasa da uwar adashi ba su gusa ba.