Tarihin Aikin Akawu a Arewacin Nijeriya: Daga Alƙalamin Kara zuwa Kwamfuta

Aikin akawu, wato sana'ar rubuta takardu da adana su a madadin hukuma ko a madadin mutumin da bai iya rubutu ba, yana cikin sana'o'in da suka fi shafar rayuwar jama'ar Arewacin Nijeriya, duk da cewa littattafan tarihi sun fi mayar da hankali ga sarakuna da gwamnoni da 'yan siyasar da ake rubuta takardun da sunansu. A cikin kimanin shekaru 200 kayan wannan aiki sun tashi daga alƙalamin kara da tawada zuwa tafireta, daga tafireta kuma zuwa kwamfuta, amma matsayin mai riƙe da kayan yana nan yadda yake, domin ta hannunsa talaka yake isar da kukansa ga hukuma, ta hannunsa kuma umarnin hukuma yake sauka ga talaka. Saboda haka darajar akawu, da yawan abin da yake samu, da kwanciyar hankalinsa a bakin aiki, duk sun kasance suna hawa da sauka gwargwadon yadda siyasar ƙasa ta juya.

Tun kafin zuwan Turawa akwai masu wannan aiki a fadojin ƙasar Hausa, kuma sun ƙara muhimmanci bayan jihadin 1804, lokacin da Daular Usmaniyya ta haɗa masarautu masu nisa da juna a ƙarƙashin Sakkwato, ya zama dole a riƙa tafiyar da mulki ta hanyar wasiƙu. Gidan Waziri, tun daga zamanin Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, shi ne ya ɗauki nauyin yawancin wasiƙun da ke shiga tsakanin Sarkin Musulmi da sarakunan gabas, a kowace fada kuma akwai magatakarda, wato malamin da yake rubuta wasiƙar sarki da Larabci, a buga mata hatimi, a ba manzo ya kai. Tawadar a gida ake haɗa ta da gawayi da ƙaro, alƙalamin kuma fiƙe shi ake yi daga kara, amma takardar fatake ne suke kawo ta daga Turai ta hanyar Tarabulus da hamada, kuma wadda ta fi yaɗuwa ita ce mai alamar jinjirin wata uku da ake yi a Italiya. Tsadar takarda da ƙarancin masu ilimin rubuta ta sun sa magatakarda ya zama mutum mai sirri da mutunci, wanda ake zaɓa saboda iliminsa da amanarsa.

Cin Kano da Sakkwato da sojojin Ingila suka yi a 1903 ya kawo sabon harshen mulki da sabbin haruffa, kuma nan take malaman da suka ƙware a Larabci da ajami suka tarar cewa iliminsu bai isa ya shigar da su ofishin Razdan ko na Di'o ba. Gwamnatin Lugga, wadda ta zauna a Zungeru kafin hedikwata ta koma Kaduna a 1917, ta ɗauko akawunta daga Kudancin Nijeriya da Saliyo da ƙasar da ake kira Gana a yau, inda makarantun mishan suka daɗe suna yaye masu Turanci. Mahaifin Nnamdi Azikiwe yana cikin waɗannan akawuna, abin da ya sa aka haifi ɗan nasa a Zungeru a 1904. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin sayen gyaɗa da fata suka buɗe kantuna, sai buƙatar akawu ta ƙaru, unguwannin Sabon Gari suka cika da ma'aikatan ofis da na reluwe. Makarantar da Hanns Vischer, wanda Kanawa suke kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da Kwalejin Katsina da ta biyo baya a farkon shekarun 1920, ba su yaye ɗaliban da za su cike wannan giɓi ba, domin yawansu kaɗan ne kuma aikin koyarwa ya kwashe mafi yawansu.

Na'urar da ta zama alamar wannan sabon zamani ita ce tafireta, wadda kamfanin Remington na Amurka ya fara sayarwa a 1874. Kowane maɓalli nata yana haɗe da ɗan sandan ƙarfe mai ɗauke da harafi, idan aka danna shi sai ya daki ƙyalle mai tawada, harafin ya fito a kan takarda, kuma idan ana son kwafi uku ko huɗu sai a jera takardun kabon a tsakanin fararen takardu a buga su gaba ɗaya. Kuskure ɗaya a muhimmiyar wasiƙa yakan sa a sake buga shafi tun daga farko, don haka ake auna gwanintar mai buga tafireta da yawan kalmomin da yake bugawa a minti ɗaya ba tare da tuntuɓe ba, kuma takardar shaidar jarrabawar Pitman, wadda ake shiryawa daga Ingila, ta zama hanyar samun ƙarin girma. Idan takardar ta jama'a ce, kamar sanarwa ko tambayoyin jarrabawa, sai a buga ta a kan sitensil, wata takarda mai kakin da haruffa suke hudawa, a ɗaura ta a injin da ake juyawa da hannu ya fitar da ɗaruruwan kwafi.

A gefe guda kuma akwai ofisoshin En'e, wato hukumar gargajiya da Turawa suka bar wa sarakuna, inda Hausa cikin rubutun boko ta samu gindin zama. A nan ne aka samu malaman haraji da malaman jangali da malaman kotu da ma'aikatan baitulmali, waɗanda suke ƙidaya magidanta da shanu, su rubuta rasit, su ajiye littattafan kuɗi a ƙarƙashin Ma'aji. Manomin da ba ya iya karanta rasit ɗin da aka ba shi ba shi da hanyar sanin ko abin da aka rubuta ya yi daidai da abin da ya biya, kuma daga nan ne tsoron ɗan boko da zarginsa suka yi saiwa a karkara. A bakin kotuna da gidajen waya kuma wata sana'a ta tsiro, ta masu rubuta wa jama'a wasiƙu da takardun koke da na ciniki a kan lada, har gwamnati ta kafa dokar da ta wajabta wa marubucin ya karanta wa mai takardar abin da ya rubuta, ya kuma sa sunansa da adireshinsa a ƙasa. Samuwar wannan doka shaida ce cewa tun a wancan lokaci an gane irin ɓarnar da mai alƙalami zai iya yi wa wanda ya dogara da shi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kujerar akawu ta zama batun siyasa tsantsa. Yajin aikin gama-gari na 1945, wanda Michael Imoudu ya yi fice a cikinsa, ya nuna cewa ma'aikata na iya tsayar da gwamnati saboda tsadar rayuwa, shugabannin Arewa kuma suka lura cewa idan Turawa suka tafi alhali fayilolin Kaduna suna hannun wasu, to mulkin kai zai zama suna kawai. A 1947 aka buɗe makarantar horar da akawuna a Zariya, wadda ta zama Cibiyar Koyar da Aikin Mulki ta Kongo a 1954, daga bisani ta shiga Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, gwamnatin Sardauna kuma ta ɗauki manufar fifita 'yan Arewa a duk guraben aiki. Manufar ta buɗe wa dubban matasa ƙofar aikin gwamnati, ta kuma bar ɗaci a zukatan ma'aikatan Kudu da suka rasa kujerunsu. Jam'iyyun NPC da NEPU duka sun samu dakarunsu na farko daga cikin malaman makaranta da akawunan En'e da na kamfanoni, domin su ne suka iya rubuta takardar koke da buga sanarwa, kuma ma'aikacin En'e da aka gane yana tare da NEPU yakan fuskanci canjin wurin aiki ko kora.

Shekarun da suka biyo bayan ƙirƙiro jihohi 12 a 1967 su ne lokacin da sana'ar ta fi bunƙasa, domin kowace sabuwar sakatariya tana buƙatar masu buga tafireta da sakatarori da masinjoji, kuma a wannan zamani ne mata suka fara shiga aikin da yawa. Ƙarin albashin da kwamitin Udoji ya bayar da shawara a kai a 1974 ya sa ƙaramin akawu ya iya sayen babur da rediyo, iyaye kuma suka riƙa ganin mai aikin ofis a matsayin mijin da ya dace da 'yarsu, tun da yana da albashi duk wata da fansho a ƙarshe. Wannan natsuwa ba ta daɗe ba, saboda a 1975 gwamnatin Murtala Muhammad ta sallami ma'aikata sama da 10,000 cikin ɗan lokaci, abin da ya karya imanin da ake da shi cewa aikin gwamnati ba ya ƙarewa, sannan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira har albashi ya kasa kai mutum ƙarshen wata. Daga nan ne halin da ake kuka da shi a ofisoshi ya yi ƙarfi, na ɓatan fayil da jinkirta sa hannu da jiran na goro kafin a motsa takarda.

A cikin wannan yanayi na ƙunci kwamfuta ta iso ofisoshin Arewa. Jami'ar Ibadan ta samu cibiyar kwamfuta ta IBM tun a 1963, amma irin waɗancan manyan na'urori na jami'o'i da bankuna ne, kuma sai bayan fitowar ƙaramar kwamfutar tebur ta IBM a 1981 da ire-irenta masu sauƙin kuɗi ne na'urar ta fara kusantar akawu. Fifikonta a kan tafireta a fili yake, domin ana gyara kuskure a kan allo kafin a buga, ana ajiye takarda a sake fito da ita bayan shekara, firinta kuma tana fitar da kwafi iya yadda ake so. A shekarun 1990 shagunan buga takardu da fotokofi suka yawaita a kewayen jami'o'i da sakatariyoyi da kotuna a Kano da Kaduna da Zariya da Jos, kowanne da janaretansa saboda rashin tabbas na wutar NEPA. Tsofaffin masu buga tafireta da suka koyi sabuwar na'urar sun tsira da aikinsu, waɗanda suka kasa kuwa suka zauna a ofis suna kallon yara sababbin ɗauka suna yin aikin da suka shekara 20 suna taƙama da shi.

Harshen Hausa ma ya samu rabonsa a wannan sauyi. Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda aka tsayar a shekarun 1930 kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yaɗa su tun daga 1939, babu su a yawancin tafiretocin ofis, don haka ake barin su ko a lanƙwasa su da biro bayan an gama bugu. Kwamfutocin farko ma ba su zo da su ba, sai da masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero suka ƙirƙiro musu zubin haruffa a shekarun 1990, kafin ƙa'idar Unicode, wadda ta ba kowane harafi na duniya lambarsa, ta yaɗu a kwamfutoci da wayoyi. Sauƙin tsara shafi a kwamfuta ya taimaka wa marubutan adabin kasuwar Kano, waɗanda suka riƙa kai rubutunsu shagunan buga takardu su fitar da littattafansu da kansu ba tare da jiran manyan kamfanonin ɗab'i ba.

Shigowar wayar salula a 2001, shekarar da aka kafa hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA, da yaɗuwar intanet bayan haka, sun mayar da hulɗa da hukuma kan allo. Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta a 2015, tsarin biyan albashi na IPPIS da aka fara a 2007 ya zo da nufin kawar da ma'aikatan bogi, an shigo da lambar BVN ta banki a 2014, hukumar zaɓe kuma ta yi amfani da na'urar tantance katin zaɓe a 2015 da ta BVAS a babban zaɓen 2023. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan tsare-tsare ya toshe wata kafa ta maguɗi, amma wasunsu sun tura jama'a zuwa shagon kafe na intanet, inda wani matashi yake cike wa ɗalibi da ɗan fansho da mai neman aiki fom da Turanci a kan lada. Wannan matashi shi ne magajin marubucin wasiƙa na bakin gidan waya, kuma harafi ɗaya da ya kuskure a suna ko ranar haihuwa yana iya tsayar da albashin mutum ko ya hana yaro gurbin karatu, alhali jama'a suna miƙa masa lambobinsu na sirri ba tare da wata shaida ba.

Abin da wannan tarihi yake nunawa shi ne cewa sabuwar na'ura ba ta taɓa cire talaka daga hannun mai shiga tsakani ba, matuƙar harshen takarda da ilimin sarrafa ta suna hannun 'yan ƙalilan. Shugabannin shekarun 1950 sun gane haka, suka gina makarantun horar da akawuna, suka kuma yi gangamin Yaƙi da Jahilci domin manomi ya iya karanta rasit ɗinsa da kansa. Nauyin da ke kan gwamnatocin jihohin Arewa a yau irin wannan ne: su kai koyar da kwamfuta makarantun firamare da na Islamiyya da azuzuwan manya, su sa a fassara fom-fom na hukuma zuwa Hausa, su kafa ƙa'idar da za ta kare bayanan jama'a a shagunan kafe, sannan su biya ma'aikacin ofis albashin da zai ishe shi riƙe amana.