Mataimakin matuƙi a jirgin kashe wutar daji

Mataimakin matuƙi a jirgin kashe wutar daji shi ne matuƙi na biyu a jirgi mai saukar ungulu da ake ɗibar ruwa da shi a zuba wa wutar da ta kama daji, makiyaya ko gonaki. Ƙananan jirage mutum ɗaya ke tuƙa su, amma manya, masu ɗaukar dubban litoci, galibi matuƙa biyu ke tuƙa su. Sabon shiga yakan daɗe bai zuba ruwa da hannunsa ba. Aikinsa lissafin nauyi ne, da kallon agogunan inji, da magana a rediyo, da sa ido kan wayoyin lantarki da sauran jirage. Sana'ar ta fi kafuwa a Amurka, Kanada, Ostireliya, kudancin Turai da Afirka ta Kudu. A ƙasar Hausa ba a saba da ita ba, kuma yanayin karkarar Kano yana nuna inda jirgi ke da amfani da inda ba shi da shi.

Asali

A ƙarshen shekarun 1940 aka fara kai ƙananan jirage irin su Bell 47 bakin wutar daji a Kanada da jihar Kalifoniya ta Amurka. Da fari leƙen wuta kawai suke yi, sai jigilar ma'aikata da kayan aiki zuwa wuraren da mota ba ta isa. Daga baya aka riƙa rataya musu gugan ƙarfe, mai nauyi da wuyar sha'ani. A farkon shekarun 1980 wani ɗan Kanada, Don Arney, ya ƙirƙiro gugan Bambi Bucket, na tamfol mai kauri, wanda ake naɗewa a sa cikin jirgi a buɗe shi a bakin ruwa. Shi ne ya game duniya. A nahiyar Afirka, shirin Working on Fire da gwamnatin Afirka ta Kudu ta kafa a 2003 yana aiki da jiragen Bell UH-1H, kuma an ga aikinsu a gobarar Knysna ta 2017 da ta Dutsen Tebur ta 2021, wadda ta cinye wani sashe na laburaren Jami'ar Cape Town.

Jirage da kayan aiki

Hanyar ɗaukar ruwa iri biyu ce. Ta farko guga ne da ke reto a ƙarshen igiya mai tsawon mita 15 zuwa 50 ko fiye. Jirgi ya tsaya cak a iska, ya tsoma gugan a tafki ko madatsar ruwa, ya ɗaga. Girman guga yana kamawa daga lita 270 zuwa kusan 9,800. Ta biyu tanki ne a ƙarƙashin jirgi, da mesa mai famfo da ake zurawa cikin ruwa. Jirgin S-64 Aircrane yana ɗaukar kimanin lita 10,000, kuma yana cika tankinsa cikin ƙasa da minti ɗaya. S-70 Firehawk yana ɗaukar kusan lita 3,800, Kamov Ka-32 na Rasha kuwa kimanin 5,000.

Wani lokaci akan zuba sinadari mai kumfa a cikin ruwan don ya ratsa ciyawa ya daɗe bai bushe ba. Akwai kuma jan sinadari mai kauri da ake shimfiɗawa a gaban wuta, ba a kanta ba, don ya rage mata gudu. Masu aikin sun yi ittifaƙi a kan abu guda: ruwan jirgi rage wa wuta kaifi yake yi, mutanen ƙasa masu shebur da gatari da mesa su ke ƙarasa ta. In babu su, wutar da aka jiƙa takan sake tashi bayan jirgi ya juya.

Hanyar shiga aikin

Ƙa'idar hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ta tanadi awa 150 na tashi kafin a ba mutum lasisin tuƙin jirgi mai saukar ungulu na haya, ko awa 100 in a makarantar da aka amince da ita ya yi karatun. Hukumomin gandun daji na Amurka kuwa ba sa yarda mutum ya zama kyaftin a bakin wuta sai ya tara awa 1,500. Kujerar mataimaki tana cikin hanyoyin cike wannan tazara. Matsayinsa ya yi kama da na yaron mota a babbar tirela: yana duba kaya, yana faɗin abin da direba ba ya gani, yana koyon hanya, kafin a yarda a miƙa masa sitiyari.

A Najeriya, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, wato NCAA, ce ke ba da lasisi. Kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ita ce tsohuwar makarantar matuƙa a ƙasar, kuma akwai makarantar koyon tuƙin jirgi mai saukar ungulu a Inugu mai alaƙa da rundunar sojan sama. Yawancin matuƙan farar hula na irin wannan jirgi a yankin Neja Dalta suke aiki, suna kai ma'aikatan mai zuwa rijiyoyin cikin teku. Can suna ƙwarewa a tuƙin mutum biyu da bin na'ura, amma aikin wuta yana buƙatar wata ƙwarewa dabam, wato sarrafa kaya mai reto a doguwar igiya.

Rabon aiki a cikin jirgi

A yawancin manyan jiragen da ke aiki da igiya, kyaftin yana zama a kujerar hagu, inda aka sa taga mai tudu kamar ƙwarya. Yakan tura kansa cikinta yana kallon guga a ƙasa, yana tuƙi da abin da idonsa ya gani. A wannan hali ba ya ganin agogunan gabansa, ba ya ganin abin da ke tahowa ta dama. Wannan duk yana wuyan mataimaki.

Lokacin ɗaga cikakken guga shi ne mafi tsanani. Mataimaki yana kallon agogon ƙarfin da inji ke bayarwa, da na zafinsa, da na gudun farfela, yana faɗin lambobin da babbar murya ɗaya bayan ɗaya, don kyaftin ya san saura nawa ya kai iyaka. In gudun farfela ya fara sauka, ko guga ya sarƙe da itace a ƙarƙashin ruwa, sai a zubar da ruwan nan take, ko a saki ƙugiya guga da igiya su faɗi gaba ɗaya. Ƙugiyar tana da maɓallin lantarki a sandar tuƙi, da wani na hannu ko na ƙafa don ko lantarki ya ƙi. Ana gwada duka biyun kowace safiya.

Rediyo ma nasa ne. Yakan saurari tashoshi uku ko huɗu a lokaci guda: mai ba da umarni daga sama, sauran jirage, shugaban 'yan kwana-kwana na ƙasa, da sansani. A tsarin Amurka, jirgi yana neman izini tun yana mil 12 daga wuta, kuma ba ya matsowa ƙasa da mil 7 sai an ba shi. Masu saukar ungulu suna aiki ƙasa da ƙafa 500 daga doron ƙasa, manyan jiragen tanki a samansu, mai ba da umarni a can ƙololuwa. Kafin kowane zubi sai mutanen ƙasa sun tabbatar sun kauce, domin tan biyu ko uku na ruwa daga sama yana iya karya reshe ya kashe mutum.

Sai lissafin nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma iska mai zafi ko ta kan tudu ba ta da kaurin da farfela za ta riƙe. Saboda haka kafin a tashi mataimaki yana haɗa nauyin jirgi, mai, mutane da guga, ya auna su da zafin ranar da tsayin wurin. Ƙa'idar Amurka ta ce a sake lissafin in zafi ya canza da digiri 5 ko tsayi da ƙafa 1,000. A ranar 5 ga Agusta 2008 wani jirgin S-61 ya faɗi yana tashi da 'yan kwana-kwana a dajin Shasta-Trinity na Kalifoniya, mutum tara suka mutu. Binciken gwamnati ya gano cewa nauyin jirgin da aka ba matuƙa a takarda bai kai na gaskiya ba.

Zaman sansani

Mafi yawan kwanakin aikin jira ne. Ana duba jirgi da sassafe, a saurari bayanin iska da zafi, sannan a zauna kusa da jirgi cikin rigar da ba ta kama wuta, da takalmin fata mai tsawo, hular kwano a ajiye a kujera. Wani lokaci mako ya wuce ba a tashi ba. In kira ya zo, cikin 'yan mintoci ake so a bar ƙasa. A tsarin Amurka ba a wuce awa 8 na tashi a yini, ko awa 14 a bakin aiki, kuma akwai hutun kwana biyu cikin kowane 14. Sansani yana bin wuta duk inda ta koma, don haka matuƙa sukan yi makonni ba su ga iyali ba. Wankin jirgi, warware igiya da cike takardu sukan faɗo kan sabon shiga.

Karkarar arewacin Kano

Ƙasar Dambatta, Makoɗa, Bichi, Kunchi, Tsanyawa da Minjibir tana cikin karkara mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya nuna tun shekarun 1960 cewa a kewayen Kano ana noma fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar kowace shekara, ba tare da barin saura ba. Wannan ya shafi wuta kai tsaye. Da kaka ta wuce, manomi yana sare karan dawa da na gero ya kai gida don danga da girki. Harawar wake da ta gyaɗa ana naɗe ta a ɗora a kan soro ko a reshen itace. Abin da ya rage, awaki da shanu su kiwace. Kafin tsakiyar hunturu gonaki sun zama fili fetal, babu abin da wuta za ta ci ta yi nisa.

Makamashin bai ɓace ba, gari ya koma. Gobarar wannan yanki ta rumbu ce, da tarin kara, da zana, da jinka, kuma takan faro daga murhu, ko garwashin jin ɗumi da aka kwana da shi, ko wutar sassabe da iska ta kwasa. Irin wannan gobara cikin mintoci take gama ɓarnarta. Maƙwabta da bokitai da ƙasa su ke tarar ta, su yaye danga don kada ta tsallaka, kafin motar hukumar kashe gobara ta jiha ta iso. Jirgi ba zai riga su ba. Ko ya zo, iskar farfelarsa tana iya yaye jinka ta watsa tartsatsi gidan gaba, nauyin ruwan kuma ya rusa ginin ƙasa.

Da za a yi aikin a nan, matsalolin da mataimaki zai lissafa sanannu ne. Kano tana kan tsayin kusan mita 480, amma a zafin Afrilu, lokacin da ma'auni ke taɓa digiri 40, inji yana aiki kamar yana kan dutse mai tsayin mita 1,500, don haka dole a rage ruwan guga. Hazon hunturu, wanda kan hana jirage sauka a filin Malam Aminu Kano, in ya haɗu da hayaƙi yana rufe gani. Saukowa kan busasshiyar gona yana tayar da ƙurar da ke lulluɓe jirgi. Ga wayoyin lantarki, da turakun sadarwa, da dogayen rimi da giginya, da shirwa da ke taruwa a kan wuta tana cafkar fara. Kududdufai sukan ƙafe da rani. Ruwan da za a dogara da shi na madatsu ne, irin su Tomas, Watari da Gari, kuma a bakinsu akwai masunta da masu noman rani.

Inda wutar daji take

Wutar daji ta sosai tana can inda ciyawa ke tsayawa har ta bushe. A jihar Kano, dajin Falgore ne a kudu, kusa da madatsar Tiga, inda mafarauta da masu ɗibar zuma da makiyaya masu neman sabon toho ke cinna wuta da rani. A Nijar kuwa, makiyayar arewacin Maraɗi da Tawa ce, wajen Bermo, Abalak da Cintabaraden, har da gandun Gadabeji da aka keɓe a 1955. Can, bayan damina mai albarka, wuta ɗaya takan cinye ciyawar da dubban dabbobi za su ci har faɗuwar ruwa. Maganin da aka fi dogara da shi shi ne share dogayen layuka a cikin ciyawa tun daga ƙarshen damina, don wuta in ta iso ta rasa abin ci. Gwamnati da ƙungiyoyin agaji suna biyan mutanen karkara su yi aikin, ciyawar da aka kwashe kuma a adana ta ko a sayar.

A irin waɗannan wurare masu nisa da hanya jirgi zai iya amfani, musamman wajen gano wuta da wuri da kai ma'aikata bakinta. Zuba ruwa kuwa yana buƙatar tafki a kusa, domin kowane minti da aka ƙara tsakanin ruwa da wuta yana rage yawan zubi kafin mai ya ƙare, kuma tafkuna suna ƙaranci a makiyayar Sahel da rani. Tsadar awa ɗaya ta babban jirgi tana iya share layuka masu yawa da hannu. Wannan ya sa matuƙin da ya fito daga ƙasar Hausa yana son wannan fanni yakan nemi horo da aiki a Afirka ta Kudu, Turai ko Arewacin Amurka.