Tarihin Renon Malaman Jami'a a Ƙasarmu

Cikin shekara 50 ɗin nan da muke bukin cikarsu, ikkilisiyarmu ta aika 'ya'ya da yawa zuwa jami'a, waɗansu kuwa yanzu su ne ke tsaye gaban allo. Ya dace mu waiwaya mu ga yadda aka reni masu koya musu, gama ɗalibi ba ya ɗiban abin da babu a tulun malaminsa.

Tun da fari iyayenmu sun san koyarwa sana'a ce da ake koya. Domin horar da malamai aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, mishan na SUM kuma ta kafa Gindiri a 1934. A irin waɗannan makarantu ba a sakar wa mutum aji sai an zauna bayansa, an ga yadda yake shirya darasi, yadda yake yin tambaya, da yadda yake bi da yaron da bai gane ba.

Da jami'a ta zo sai aka bi wata hanya dabam. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a watan Oktoba 1962, shugabanta na fari Norman Alexander ne daga Niyu Zilan, yawancin malaman kuma baƙi ne. A 1966 aka ɗora nauyin a kan Dokta Ishaya Audu, likitan yara wanda ya yi karatu a Wusasa, ya riƙe ta har 1975. A zamanin nan akan riƙe ɗalibin da ya fi ƙwazo, a sa shi ƙarƙashin shehun malami. Zai duba takardun jarrabawa, ya zauna da ƙananan rukunin ɗalibai, ya kalli yadda babba ke koyarwa, sa'an nan a tura shi Ingila ko Amurka neman babban digiri, bisa sharaɗin zai komo ya yi hidima. Haka aka sami malamai 'yan ƙasa.

Amma akwai giɓi. Babban digiri shaida ce cewa mutum ya iya bincike, ba ta nuna ko ya iya fahimtar da ɗan shekara 18. Ƙarin girma kuma ya fi rataya a kan rubuce-rubucen da malami ya buga. Muddin dattawa suna nan, suna toshe giɓin. Da tsarin SAP ya zo a 1986, darajar Naira ta faɗi, malamai da yawa suka bar ƙasa, ɗalibai kuwa suka yi ta ƙaruwa. Sabon malami ya iske ɗaki cike, babu mai nuna masa hanya, sai karanta wa ɗalibai rubutu su kwafa ya zama koyarwa.

An yi ƙoƙarin gyara. Bayan yarjejeniyar gwamnati da ASUU ta 1992, dokar 1993 ta sa kamfanoni su biya kashi 2 cikin ɗari na ribarsu domin ilimi. Daga wannan asusu TETFund ta fito a 2011, wadda ta ɗauki nauyin ƙaro karatun malamai da zuwansu tarurrukan ilimi. Makarantunmu na tauhidi ma sun ga bukatar, domin haka aka kafa ACTEA a 1976 ta riƙa duba ingancin malamai da na darussa a Afirka.

Kuɗi yana sayen digiri, amma hannu da hannu ake koyon koyarwa. Muna roƙon shehunan malaman da ke cikinmu, har da waɗanda suka yi ritaya, kowa ya kama hannun ƙaramin malami guda, ya shiga ajinsa, ya gyara masa cikin ƙauna. Ku matasa kuma, kada kunya ta hana ku tambaya. Likitan da zai duba jikokinmu yana zaune a ajin wani yau.

Allah ya ba malamanmu hikima da haƙuri. Amin.