Araba: Yadda Maganar Rabuwa Ta Taso A Arewa

Ya ku 'yan makaranta, wanda duk ya bi ta ƙasar Madobi da Kura da Bunkure da rani, ya ga ruwan Tiga na gangarowa ta magudanai, ya ga alkama da tumatir kore shar, ya ga ana ɗora wa manyan motoci kwanduna za su Ikko, ba zai yi tsammanin akwai ranar da mutanen ƙasan nan suka ce su da Ikko kowa ya kama gabansa ba. Alhali kuwa an yi, ba ma sau ɗaya ba. To, da ya ke waiwaye adon tafiya ne, bari mu koma baya mu ga mafarin abin.

Turawa sun ci Kano cikin 1903. Ran 1 ga Janairu 1914 Gwamna Lugga ya gama Arewa da Kudu suka zama ƙasa guda. Amma fa gamin a takarda ya tsaya. A Kano kanta an yanka wa kowane jinsi mazauninsa: Turawa suna Nasarawa, Kwarori suna wajen kantuna, 'yan Kudu suna Sabon Gari, Kanawa kuwa suna cikin Birni. Makarantun Mishan sun daɗe da kafuwa a Kudu kafin Ɗan Hausa ya buɗe tasa a Kano cikin 1909, saboda haka akawun jirgin ƙasa, da na gidan waya, da na kamfani, galibi ɗan Kudu ne. Manomi ya kai gyaɗarsa sikeli, ya tarar mai riƙe da alƙalami baƙo ne. Daga nan tsoro ya shiga zukatan manyanmu, cewa ran da Bature ya tafi, mai alƙalamin nan shi zai gaje kujerarsa.

Tsoron nan ya fito fili a taron Ibadan na 1950, inda Sarkin Zazzau Ja'afaru, da goyon bayan Sarkin Katsina Usman Nagogo, ya ce in ba a ba Arewa rabin kujerun majalisar tsakiya ba, za ta nemi a mai da ita yadda ta ke kafin 1914. Aka ba ta, kujera 68 cikin 136.

Ran 31 ga Maris 1953 Anthony Enahoro ya miƙe a majalisar Ikko ya nemi a ba Nijeriya mulkin kai cikin 1956. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya ce kada a yanka shekara, a bari sai sa'ad da abin ya yiwu, don Arewa ba ta da isassun ma'aikata tukuna. Da wakilanmu suka fito, mutanen gari suka bi su da eho, suna ce musu 'yan koren Turawa. Suka komo gida zuciya na tafasa.

Ba a jima ba jam'iyyar Action Group ta shirya aiko da ayari Kano a ƙarƙashin Akintola. Hukuma ta hana taron, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ran Asabar 16 ga Mayu faɗa ya ɓarke tsakanin Fagge da Sabon Gari, aka kwana huɗu ana yi. Bisa lissafin gwamnati mutum 36 suka mutu, 241 suka ji rauni. Ku lura da wani abu a nan. Gardamar ta shugabannin siyasa ce, jam'iyyar da ta tayar da ita kuwa yawancinta Yarabawa ne, amma da jini ya fara zuba, talakan Arewa da ɗan kasuwa Ibo su suka fi shan wuya. Haka rigimar siyasa ta ke in ta rikiɗa ta zama ta ƙabila: ba a tambayar mutum ra'ayinsa, sai a dubi tufarsa a saurari harshensa.

Cikin watan nan dai majalisun Kaduna suka amince da buƙatu takwas, watau kowace jiha ta riƙe mulkinta, a bar wa tsakiya tsaro, da hulɗa da ƙasashen waje, da kwastan, da 'yan abubuwa kaɗan, ba tare da majalisar dokoki ba. Wannan rabuwa ce, suna kaɗai ta rasa. Me ya hana a ƙarasa? Arewa ba ta da bakin teku. Gyaɗa da auduga da fatu duk sai jirgin ƙasa ya kai su gaɓa. Aka zauna a Landan cikin 1953, da Ikko cikin 1954, aka shirya mulkin tarayya. Awolowo ma ya nemi a rubuta wa kowace jiha ikon ficewa, aka ƙi. Arewa ta sami mulkin kanta ran 15 ga Maris 1959, ƙasa duka ran 1 ga Oktoba 1960.

Amma an rufe miki ne da sauran ruɓa. Ran 15 ga Janairu 1966 waɗansu hafsoshi suka kashe Sardauna, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Akintola. Da Janar Ironsi ya soke tarayya da doka ta 34 cikin Mayu, sai garuruwan Arewa suka ɗauki kirarin araba. Sojan Arewa da suka yi juyin 29 ga Yuli da niyyar ɓallewa suka fara, sai aka lallashe su. Tsakanin Mayu da Oktoba aka kashe dubban Ibo da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, sauran suka gudu gida. Wannan abin kunya ne, ba mu kuwa da ikon ɓoye muku shi. Waɗanda aka ce wa araba su suka ɗauki maganar: Ojukwu ya yi shelar Biyafara ran 30 ga Mayu 1967, aka yi ta yaƙi har Janairu 1970, yunwa ta hallaka yara ba iyaka.

Kwana uku kafin shelan nan Gowon ya yanka ƙasa jiha goma sha biyu, Kano ta sami tata, aka naɗa Audu Bako gwamna. A zamaninsa aka gina dam ɗin Tiga, aka gama cikin 1974. Ruwan nan shi ya raya Kadawa da kewayenta. Cikin Fabrairu 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, fataken abinci da na shanu suka daina kai kaya Kudu na 'yan kwanaki. Abinci ya yi tsada can, nan kuwa tumatir ya yi kwantai a hannun manoma.

To, kun ji. Kukan kakanninmu na da dalili, amma abin da ya share shi makaranta ce da rabon iko bisa adalci, ba adda ba. Harshe da haƙori ma sukan saɓa. Ku yi karatu, kada a sāke cewa ba mu da masu riƙe alƙalami. In kuwa wani ya zo muku da zancen araba, ku tambaye shi ta wace hanya kwandunan iyayenku za su bi, kuma 'ya'yan wa za a binne. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.