BABI NA UKU: TARIHIN DILLANCIN FILAYE DA GIDAJE A ƘASAR KAZAURE DA KEWAYENTA

3.0 Gabatarwa

A babi na biyu an kawo bayanin ƙasar Kazaure da mutanenta da sana'o'insu. Shi kuwa wannan babi zai dubi tarihin sana'a guda ɗaya, wato dillancin gonaki da filaye da gidaje, tun daga kafuwar masarautar har zuwa yau. Za a yi ƙoƙarin gano yadda mutum yake shiga sana'ar, da wanda yake ba shi iznin yin ta a kowane zamani, da kuma yadda sarin filaye ya ɓullo daga cikinta. An fi mayar da hankali a kan Gwiwa da Roni da Kazaure, sai kuma Babura wadda take maƙwabtaka da su, ko da yake ita tana ƙarƙashin masarautar Ringim ne. Muhimmancin batun a fili yake, domin gona ita ce babbar dukiyar talaka a wannan yanki, kuma galibi ta hanyar dillali take barin hannunsa.

3.1 Ma'anar Dillanci da Sari

Kalmar "dillali" ta samo asali daga Larabci, inda take nufin mai nuni ko mai shiryarwa. Haka nan "la'ada" daga Larabci take, ma'anarta kuwa ita ce abin da aka saba bayarwa. Ke nan dillali shi ne mutumin da yake haɗa mai saye da mai sayarwa, ya tsaya har a sallama, sannan a ba shi ladan wahalarsa. Kayan ba nasa ba ne, saboda haka riba da faɗuwa duk na mai kaya ne.

Shi kuwa mai sarin fili ya sha bamban da dillali. Yakan yi ciniki da mai gona a kan wani farashi, ya ba da kafin alƙalami, a yanka masa wa'adin cika sauran kuɗi. Kafin wa'adin ya cika sai ya nemo wani mai saye a kan farashin da ya ɗara na farko, ya biya mai gona daga kuɗin wancan, ya riƙe abin da ya hau. Alal misali, idan ya yi ciniki a kan naira 800,000, ya ba da 100,000, sannan ya sayar a kan 1,000,000, to ya sami 200,000 ba tare da ya taɓa mallakar cikakken kuɗin gonar ba. Wannan bambanci shi ne ginshiƙin abin da za a tattauna a gaba.

3.2 Kafin Zuwan Turawa

Masarautar Kazaure ta kafu ne a 1819 a hannun Ibrahim Ɗantunku, bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ɗansa Dambo, wanda ya gaje shi a 1824, shi ne ya mayar da garin Kazaure mazaunin sarauta. A wancan zamani ƙasa tana da yawa, mutane ne suka yi ƙaranci. Baƙon da yake son gona yakan je wurin mai gari, a nuna masa daji ya sare, ya riƙa biyan abin da aka ɗora wa manoma. Malam Abdullahi na Gwandu ya yi littafi mai suna Ta'alimur Radi a kan hanyoyin da mutum yake keɓanta da mataccen fili, wanda hakan yake nuna cewa shugabannin jihadi sun kula da wannan mas'ala. Bayan saran daji, gona takan canja hannu ta hanyar gado da kyauta da aro da jingina, sai kuma saye a wuraren da jama'a suka yi yawa.

A irin wannan hali babu bukatar mutum ya keɓe kansa ga dillancin ƙasa. Dillanci ya yi ƙarfi ne a kasuwannin dabbobi da hatsi da tufafi da goro, kuma yana da ƙa'idojinsa. Baturen nan mai yawon buɗe ido, Hugh Clapperton, wanda ya ziyarci Kano a 1824, ya ba da labarin cewa akan rubuta sunan dillali a cikin kowane ƙunshi na riga ko turkuɗi. Idan an kai kayan har Barno aka tarar da aibu sai a dawo da su, a tilasta wa dillalin ya nemo mai kayan ya mayar da kuɗi. Daga wannan za a fahimci cewa asalin aikin dillali lamuni ne, wato shi ne wanda za a kama idan ciniki ya ɓaci. Iznin yin sana'ar kuwa yana hannun maigidan da ya koyar da yaro, da Sarkin Dillalai, da Sarkin Kasuwa. Wanda bai da mai tsaya masa ba a danƙa masa kayan mutane.

3.3 Zamanin Mulkin Mallaka

Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, aka sanya Kazaure a cikin Lardin Kano. A 1908 aka kafa wani kwamiti a Landan don ya duba sha'anin ƙasa a Arewa, kuma shawarwarinsa ne suka haifar da dokar ƙasa ta 1910, wadda aka sake tsarawa a 1916. Dokar ta sanya dukkan ƙasar Arewa a ƙarƙashin kulawar Gwamna domin amfanin 'yan ƙasa, ta kuma ce mutum ba ya mallakar ƙasar kanta, abin da yake da shi shi ne haƙƙin zama da amfani. Dokar da gwamnatin Jihar Arewa ta yi a 1962 ta bi wannan sawu, sai dai ta mayar da ikon ga Minista.

Duk da haka, abubuwa uku sun sa ƙasa ta fara daraja. Na farko, haraji ya koma na tsabar kuɗi, har a masarautar Kano aka shigo da tsarin taki, inda malamai suke auna gona da ƙafa kafin a yanka mata haraji. Na biyu, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe daga 1912, gona ta zama hanyar samun kuɗi. Na uku, jama'a sun ƙaru, dajin da za a sara ya ragu. Binciken da Polly Hill ta yi a Batagarawa ta ƙasar Katsina, wanda ta buga a 1972, da wanda ta yi a Ɗorayi kusa da Kano, wanda ya fito a 1977, sun nuna cewa sayar da gona abu ne da aka saba da shi a karkarar Hausa, kuma matalauta ne suka fi sayarwa. A ƙauyuka dagaci da mai unguwa su ne shaidu, kuma sau da yawa wani na kusa da su ne yake kai maganar ciniki tsakanin ɓangarori biyu. A nan ne dillancin ƙasa ya fara tsiro, a inuwar sarauta.

3.4 Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978

A ranar 29 ga Maris, 1978, gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda daga baya aka shigar da ita cikin tsarin mulki na 1979 da na 1999. Dokar ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun Gwamna. Shi ne mai ba da takardar shaidar mallaka, ita kuwa ƙaramar hukuma tana ba da iznin zama irin na gargajiya a wuraren da ba a ayyana su a matsayin birni ba, har zuwa hekta 500 don noma da hekta 5,000 don kiwo. Sashe na 21 da na 22 sun hana sayarwa ko jinginarwa sai da yardar hukuma, kuma a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa wannan sharaɗi ya hau har kan wanda ya mallaki filinsa tun kafin dokar.

Abin da ya fi shafar yanki kamar Gwiwa shi ne sashe na 36, wanda ya hana yanka gonakin karkara fuloti-fuloti da kuma sayar da su, tare da tarar naira 5,000 ko ɗaurin shekara ɗaya. Amma jama'a ba su daina ciniki ba. Sai aka wayi gari akwai hanyoyi biyu, wato hanyar ofis mai tsawo da tsada, da hanyar takardar ciniki wadda ake rubutawa a gaban mai unguwa da shaidu. Daga nan ne aka sami "awon gwamnati" da "awon igiya". Tazarar da ke tsakanin doka da abin da ake yi a aikace ita ce ta ƙara wa dillali muhimmanci, domin shi ne ya san hanyoyin biyu.

3.5 Ƙirƙiro Jihar Jigawa da Ɓullar Sari

A ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jigawa daga Jihar Kano. A cikin shekarun 1990 ƙasar Kazaure ta kasu ƙananan hukumomi huɗu, wato Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi. Duk garin da ya zama hedikwata sai ya bukaci sakatariya da gidajen ma'aikata da asibiti da makarantu, gonakin bakin gari suka koma filayen gini. A Kazaure, kasancewarta a kan hanyar Kano zuwa Daura, da kafa kwalejin kimiyya da fasaha wadda yanzu take ɗauke da sunan Sarki Hussaini Adamu, sun jawo bukatar ɗakunan haya. Ita kuma Babura kusancinta da iyakar Nijar ya ba filayen bakin kasuwa da na bakin titi daraja. Bugu da ƙari, faɗuwar darajar naira tun daga 1986 ta sa masu hali suka ga ajiye dukiya a ƙasa ya fi ajiye ta a banki.

Hanyar shiga sana'ar ba ta canja sosai ba. Matashi yakan fara ne a matsayin yaron wani babban dillali, yana raka masu saye ganin fili, yana riƙe igiyar awo, yana koyon iyakokin gonaki da sanin wane ne ya gaji wane. In an yi ciniki sai a ɗan tsakura masa daga la'ada. Idan ya tara ɗan jari sai ya fara kama fili da kafin alƙalami, ya zama mai sari. Wasu kuma sukan haɗa kuɗi su sari gona sukutum, su yanka ta ƙafa 50 da 50 ko 100 da 50, su sayar ɗaya bayan ɗaya.

Matsalar tana faruwa ne idan mutum ya haɗa taura biyu a baka, wato ya zo wa mai gona a matsayin dillali alhali shi ne mai sayen. Manomin da bukata ta kama, ko ta asibiti ko ta aure ko ta tsadar abinci a tsakiyar damina, yakan sallama da arha bisa shawarar wanda ya ɗauka wakilinsa ne. Haka nan akan sayar da gonar gado kafin a raba, a bar mata da marayu da zaryar kotu, ko a sayar da fili ɗaya ga mutum biyu. Fikihun Malikiyya da ake bi a wannan ƙasa ya yi magana a kan waɗannan duka. Ya halatta ladan dillali, ya kuma halatta wa wanda ya ƙulla cinikin fili ya sayar kafin ya karɓa, tun da hanin ya shafi abinci ne. Amma ya hana kafin alƙalamin da ake cinyewa idan an fasa ciniki, ya hana ƙara farashi don a rudi wani, ya rataya sayar da kayan wani a kan yardar mai shi, ya kuma ba abokin tarayya haƙƙin shufu'a a dukiyar da ba a raba ba.

3.6 Batun Lasisi

Yunƙurin tsara wannan fanni a hukumance ya fara ne daga sama. A 1969 aka kafa ƙungiyar ƙwararrun masu kimanta gidaje da filaye ta Nijeriya, sannan doka mai lamba 24 ta 1975 ta kafa hukumar ESVARBON mai yi musu rajista. Samun wannan rajista yana bukatar karatun jami'a ko kwalejin fasaha da jarrabawa da horo, saboda haka bai kai ga dillalin ƙauye ba. Wanda yake son buɗe ofis yakan yi rajistar sunan kasuwancinsa da hukumar CAC, kuma dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta sanya masu harkar gidaje cikin waɗanda za su yi rajista da sashen SCUML na hukumar EFCC. Jihar Legas ta ƙara gaba, inda dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta wajabta wa dillalan gidaje rajista da hukumar LASRERA. Ko a Amurka, inda aka daɗe da sanin lasisin dillalan gidaje, sai a 2019 jihar Ilinoyi ta wajabta lasisi a kan mai yawaita sarin yarjejeniyar gida, Okalahoma ta bi baya a 2021.

Idan aka auna waɗannan da tsarin da Clapperton ya tarar a Kano, za a ga manufarsu ɗaya ce, wato a san wanda za a kama. Tsohon tsari ya dogara ne da sanayya, kuma sanayya takan yi rauni idan mai saye yana Kano ko Abuja, ciniki kuma ta waya aka yi shi. Sabon tsari kuwa an yi shi ne don birane da masu takardun karatu. Dillalin Gwiwa ko Roni ya faɗa tsakanin biyun.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda dillancin ƙasa ya taso daga dillancin kasuwa, ya girma a ƙarƙashin dokokin 1910 da 1962 da 1978, ya kuma haifi sari bayan 1991. Abin da tarihin ya nuna shi ne, lasisin da zai yi amfani a wannan yanki shi ne wanda aka gina a kan lamuni. Ana iya buɗe littafin rajistar dillalai a kowace ƙaramar hukuma tare da sa hannun hakimai, kowane sabon shiga ya kawo mai tsaya masa, a rubuta sunan dillali da la'adarsa a cikin takardar ciniki, sannan mai sari ya bayyana wa mai gona tun da fari cewa shi mai saye ne. A babi na huɗu za a dubi kalmomi da salon maganar da dillalai suke amfani da su wajen ƙulla ciniki.