Aikin bincike bayan digirin dakta: abin da ya kamata a sani

A Gesheme da sauran garuruwan Arewa, iyaye kan yi mamaki: yaro ya kai ƙarshen karatu, har ana kiran shi dakta, amma bana yana Yamai, baɗi yana Jamus. Sau da yawa yana aikin da ake ce ma «post-doc» ne, wato kwangilar bincike ta ɗan lokaci da jami'a ko cibiya ke bai wa wanda ya gama digirin dakta. Galibi shekara 1 zuwa 3 ce, ana biyan shi, yana ƙarƙashin wani babban malami, kuma ba ɗaukar aikin gwamnati ba ne.

Amfaninta shi ne rubuce-rubuce. A jami'o'in Nijar, hawa mataki yana bi ta hukumar CAMES, wadda aka kafa a 1968 mai mazauni a Wagadugu, kuma abin da take dubawa shi ne binciken da mutum ya wallafa a mujallun ilimi. Sabon dakta da ya faɗa koyarwa a aji mai ɗaruruwan ɗalibai, da wuya ya samu sukunin rubutu.

A gida, irin waɗannan guraben ba su da yawa, kuma akasari kuɗin wani shiri na haɗin gwiwa da ƙasashen waje ne ke ɗaukar su. Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, wadda ta faro a 1971, ita ce babba. Ta Dosso kuwa a 2014 aka kafa ta. Masu ilimin noma kan duba INRAN da tashar ICRISAT ta Sadore, masu nazarin yanayi da ruwa kuma AGRHYMET. A fannin zamantakewa akwai IRSH da LASDEL, wadda aka buɗe a 2001. A waje, gidauniyar Humboldt ta Jamus na ba masu bincike daga ƙasashe masu tasowa tallafin da ke kai wata 24.

Ana neman takardar digiri, da jerin rubuce-rubuce, da tsarin binciken da za a yi, da wasiƙun shaida daga malamai. Rashin Ingilishi na hana ƴan Nijar da dama samun guraben waje.

Abin lura, Arewa kanta fagen bincike ce tun da daɗewa. Marc-Henri Piault ya wallafa tarihin Arawa a 1970, Adeline Masquelier ta yi nazarin bori a Dogon Dutsi. Duka biyun baƙi ne. Ruwan ƙarƙashin ƙasa na Dallol Mauri, da noman rani, da rikicin gonaki tsakanin manoma da makiyaya, duk batutuwa ne da ɗan yankin zai fi saurin shiga cikinsu, tun da ba ya buƙatar tafinta.

Matsalar ita ce ƙarshen kwangila. In babu gurbin koyarwa a gida, mai binciken kan nemi wata kwangilar a waje, wasu kuma daga nan ba su dawowa.