Bukukuwan sallah da ƙarshen shekara: yadda za a rage asarar gida, mota da kaya a Agye, Gazawa da Gidan Rumji

Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ita ce ta ratsa gundumomin nan uku na jihar Maraɗi. Daga yamma tana bi ta Gidan Rumji da Tsibiri ta shiga Maraɗi, sannan ta wuce Cadawa, Agye da Gazawa kafin Tasawa da Damagaram. A kwanakin sallah da hutun ƙarshen shekara hanyar na cika da motocin haya, manyan motocin kaya, babura da amalanken shanu, gidaje da shaguna da yawa kuma a bar su a kulle. Haɗarin mota, gobara da sata su ne asarar da aka fi fuskanta, kuma inshorar da akasarin mutane ke riƙe da ita ba ta biyan mafi yawan wannan asara.

Nijar na cikin ƙasashe 14 da ke aiki da kundin dokar inshora na CIMA, wanda aka rattaba hannu kan yarjejeniyarsa a Yawunde ranar 10 ga Yulin 1992, ya fara aiki a 1995. Aya ta 200 ta wajabta wa duk mai abin hawa mai inji, har da babur, ya yanki inshora, ko asirans kamar yadda direbobi ke cewa. Sai dai wannan ta tilas tana biyan diyyar wanda ka yi wa ɓarna ne kawai: mai tafiya a ƙasa, fasinja, motar wani ko katangarsa. Ba ta gyara motarka, ba ta biyan jinyar direba, ba ta biya idan an sace motar ko ta ƙone. Mai son waɗannan sai ya ƙara kuɗi a rubuta su a kwantaraginsa.

Kafin a kama hanya a duba ranar ƙarewar takardar. Tun gyaran da aka yi wa aya ta 13 a 2011, kariya ba ta fara aiki sai an biya kuɗin inshorar, don haka alkawarin wakili cewa "ka tafi, ka biya bayan sallah" ba ya tsare kowa. A haɗa da permi, kart giriz da takardar bizit. Mai niyyar tsallakawa Katsina ko Sakkwato ya tambayi kamfaninsa takardar da za ta rufe shi a can, don inshorar gida ba ta isa ba a Najeriya.

Abin da ya fi jefa magidanta cikin bashi shi ne aron makulli. Ranar sallah yaro ya roƙi babur ko mota don yawon gaisuwa, a ba shi ba tare da permi ba. Idan ya buge wani, doka ta tilasta wa kamfanin ya biya wanda aka buge, amma ta kuma ba shi damar komawa ya nemi kuɗinsa a wurin mai laifin. Haka nan lodin fasinjoji a kan kaya ko a bayan motar da ba a tanadar don mutane ba. Sauran shawarar direbobi sun san ta: taya da birki da fitila, da guje wa tafiyar dare, inda amalanke marar fitila ko garken shanu ke bayyana ba zato. Idan haɗari ya auku, kada a janye motoci kafin jandarmomi ko ƴan sanda su yi konsta, sai fa don ceton rai. Sulhun bakin hanya yana da daɗi a ranar, amma ba ya zama hujja a ofishin inshora.

Inshorar gida ba tilas ba ce, kuma a ƙauyukan yankin ba kasafai ake samun mai ita ba. A nan rigakafi ne kaɗai jari. A babbar sallah ana gasa raguna a jere kewaye da wutar itace na tsawon yini. A yi hakan nesa da danni, rumfar kara da rumbu, a tanadi ruwa da yashi, a binne garwashin kafin a kwanta. A ƙarshen shekara kuwa rumbuna cike suke da hatsi, ga iskar hunturu, tartsatsi ɗaya na iya cinye abincin shekara na gida guda. Mai tafiya ya rufe butel ɗin gaz, ya zare firij da talabijin da cajar waya, domin dawowar wutar NIGELEC bayan yankewa kan ƙona na'ura ko tsohuwar waya. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, ta ƴan sanda 17, amma ƙauyen da ke nesa da babban gari maƙwabta ne ke kashe masa wuta.

Akwai kuma fetur na ruwa-ruwa da ake ajewa a jarkoki cikin ɗaki ko shago. Ban da haɗarinsa ga rai, ɗan kasuwar da ke da inshorar gobara ya sani cewa doka ta ɗora masa sanar da kamfani duk wani sabon abu da ya ƙara haɗari. Wanda ya ɓoye yana iya ganin an rage masa diyya ko an soke kwantaragin.

Game da sata, yawancin kwantaragi na neman shaidar fasa ƙofa ko taga, kuma suna iyakance abin da za a biya kan tsabar kuɗi da gwal. A aje rasit, a ɗauki hoton kaya, a rubuta lambar shasin babur da lambar IMEI ta waya, wadda ke fitowa idan aka danna *#06#. Kuɗin cinikin sallah ya fi tsira a banki ko asusun waya. A bar wani ɗan uwa ya kwana a gidan, a sanar da mai unguwa, a kuma daina shelar tafiya a Facebook da WhatsApp. A ƙauyukan Gidan Rumji da ke kusa da iyaka, inda ɓarayin shanu suka addabi jama'a a shekarun nan, ragunan kiwo na sallah kan zama abin hari. Kwana da su cikin gida da sintirin unguwa sun fi barin su a garke bayan gari.

Wa'adi shi ne inda masu inshora ke yawan faɗuwa. Aya ta 12 ta ce a sanar da kamfani cikin wa'adin da kwantaragi ya tsara, wanda ba zai gaza kwanakin aiki 5 ba. Ga sata da mutuwar dabbobi kuwa awa 48 ne. A kai ƙara jandarmeri ko komisariya, a karɓi takarda, a rubuta wa kamfanin tun kafin ofisoshi su buɗe bayan hutu, a riƙe kwafi mai kwanan wata.